Wa Zai Sauke Ku a Italiya

Malam Rilwanu Ilu direban bas ne a filin jirgin sama na Dulles, a Amurka. Ba irin bas ɗin da ke shiga gari yake ja ba. Tasa tana kwasar matafiya daga wurin ajiye motoci ta kai su ƙofar tashi, sannan ta ɗebo waɗanda suka sauka ta mayar da su inda suka bar motocinsu. Tun shekarar 2003 yake wannan zagaye. Ya ɗaga akwatunan masu zuwa ƙasashen da bai taɓa jin sunansu ba, ya ga Turawa sun tafi farare sun dawo jajaye saboda rana, amma shi kansa tafiyarsa zuwa wata ƙasa ba ta wuce hanya biyu ba: gida Funtuwa, sai Makka sau ɗaya.

A Funtuwa aka haife shi. Mahaifinsa, Malam Ilu, fatoma ne a bayan tasha, yana saukar da fataken goro daga kudu da masu zuwa sayen auduga lokacin kaka. Zauren gidansu bai taɓa rabuwa da tabarmar baƙo ba. A nan Rilwanu ya koyi cewa mutum ba ya shiga gari sai ya san ƙofar da zai cire takalminsa. Wanda ya kwana a otal kuwa, a ganin Malam Ilu, ko dai ba shi da kowa a duniya, ko kuma akwai abin da ba ya so a gan shi yana yi.

Bayan sakandare Rilwanu ya yi aiki a wani kamfanin gurzar auduga, ya yi aure, har kamfanin ya fara biyan albashi wata ɗaya ya tsallake biyu. Cacar biza ta faɗo masa, ya sauka a Amurka cikin hunturun 2001 da takarda ɗaya a aljihu, wadda aka rubuta wa lambar wani mutumin Malumfashi da bai taɓa gani ba. Mutumin shi ne Alhaji Maitama, tsohon ma'aikacin sashen Hausa na gidan rediyo. Alhaji ya zo filin jirgi da kansa, riƙe da rigar sanyi, ya kai shi gidansa a Annandale, ya ba shi ɗakin ƙasa. A nan Rilwanu ya zauna har ya sami aiki, har ya kawo matarsa Radiyya da 'ya'yansu biyu. Alhaji bai taɓa tambayarsa ranar tashi ba.

Radiyya ta koyi aikin kula da tsofaffi a gidajensu. Su biyu suka haɗa ƙarfi suka sayi ƙaramin gida a Sterling, kusa da filin jirgi, kusa kuma da masallaci. Ba a daɗe ba labari ya zagaya cewa akwai Bahaushe a bakin Dulles, yana kuma da ɗakin ƙasa. Ɗalibai suka fara sauka, da masu zuwa ganin likita, da ma'aikatan da aka turo kwas, da waɗanda aka soke jirginsu saboda dusar ƙanƙara. Rilwanu ba ya tambayar baƙo ko shi wane ne sai ya ci abinci. Radiyya takan dawo daga shif ta tarar da baƙon takalmi a bakin ƙofa, ta ajiye jaka, ta ɗora tukunya. Ba wanda ya taɓa jin ta yi ƙorafi a gaban baƙo.

Hutunsu na shekara kuma gida suke kai shi idan hali ya yi. Akwatuna su cika da saƙon mutane, a sauka a fara zagayen gaisuwa, a yi ta'aziyyar waɗanda suka rasu, a yi barkar waɗanda aka haifa, ranar komawa ta zo ba a gama ba.

Maganar Italiya daga wurin aikin Radiyya ta fito. Ta yi shekaru tana kula da wata tsohuwa mai suna Olive, wadda iyayenta suka zo da ita Amurka tana yarinya daga wani ƙauye a yankin Umbria. Da tsufa ya ci ƙarfinta, Olive ta manta sunayen 'ya'yanta, amma ba ta manta hanyar da ke hawa tudun ƙauyen ba, da gonakin inabi, da yadda gari ke yin tsit bayan azahar har ka ji ƙarar cokali daga gidan maƙwabta. Kullum sai ta ba Radiyya wannan labari kamar ba ta taɓa ba ta shi ba. Ta rasu a ƙarshen 2013. Bayan 'yan makonni, suna cikin mota za su cefane, Radiyya ta ce, ba tare da ta dube shi ba, tana so ta ga wurin nan.

Rilwanu ya yi ta juya maganar. Tun aurensu ta sha tambayarsa abubuwa, amma duk na gida ne ko na yara. Wannan ne na farko da ta nemi abu don kanta. Yaran sun tafi jami'a, fasfon Amurka yana hannu, ba sai an nemi biza ba. Kafin su fito daga shago ya ce mata za su je, mako biyu, su biyu kawai.

Ya ɗauki shirin kamar yadda yake ɗaukar aikinsa. Ya sayi babbar taswira ya shimfiɗa a teburin cin abinci, ya rufe ta da farar leda don kada miya ta ɗiga. Yawancin garuruwan ya san sunansu ne daga ƙwallo, yanzu ya fara ganin inda kowanne ya zauna, wanne ke kudu, wanne ke gindin duwatsun arewa. Duk fasinjan da ya ga alamar Roma a jikin akwatinsa sai ya yi masa tambaya yayin da yake sauke masa kaya: jirgin ƙasa ya fi ko hayar mota, wane wata ne zafi ke sauƙi, ana samun kifi a ko'ina. Ya zaɓi watan Satumba, tsakanin ƙaramar salla da babba. Za su sauka a Roma, ya sami Juma'a a babban masallacin birnin. Daga nan sai Umbria, inda ya samo wata gona da ke ba da hayar ɗaki mai ɗan kicin, su yi mako guda cur. Sannan Florence, sannan Venice, su hau jirgin dawowa a Milan. Radiyya ta ce biranen ya tsara su yadda yake so, ita dai a bar mata makon gonar.

Wata Juma'a cikin bazara, bayan an idar da salla, Hausawa suka tsaya a wurin ajiye motoci kamar yadda suka saba, ana gaisawa ana tambayar iyali. Rilwanu bai ɗauki tafiyar a matsayin sirri ba, kuma a tarbiyyarsa mai shirin tafiya ba ya ɓoye wa manya. Ya faɗa wa Alhaji Maitama. Alhaji ya yi murna, ya ce ai ya kamata, sannan ya yi tambayar da duk wani dattijo zai yi.

"To, wa zai sauke ku a can?"

Rilwanu ya ce otal za su kama, da kuma wata gona.

Alhaji ya cire tabarau ya dube shi. "Otal, Rilwanu? Kamar waɗanda ba su da kowa? Ɗan ƙanwata Imrana yana Brescia, yana aiki a masana'antar ƙarfe. Idan ya ji ka taka ƙasar nan ba ka kwana a gidansa ba, da wane ido zan dube shi?"

Rilwanu ya ji kunya ta rufe shi, kamar an kama shi yana cin abinci a ɓoye. Ya karɓi lambar a nan take, ya yi godiya. Kafin ya kai ga motarsa, Hajiya Talatu, wata ma'aikaciyar asibiti da ke zaune a Largo, ta ji labari ta aiko a ce masa ƙanwarta tana aure a kusa da Napoli. Ranar Litinin kuma abokin aikinsa Davou, mutumin Jos, ya ce shi bai yarda a yi wariya ba, yayansa Chuwang yana Padova, ga Venice nan kusa, idan Malam ya kwana gidan Katsinawa ya tsallake na Birom to a daina raba shayi tare.

Rilwanu ya dawo kan taswira da fensir. Brescia tana can arewa, Napoli tana kudu da Roma, sai an yi baya kafin a dawo hanya. Duk wanda ya kira a waya kuma magana ɗaya yake yi: kwana ɗaya ai raini ne, ko hira ba a fara ba. Tikitin jirgi an riga an saya, mako biyun ba za su ƙaru ba. Ya duba inda zai yanko kwanakin. Roma akwai Juma'a. Florence da Venice dama kaɗan ya ba su. Gonar ce kaɗai wurin da babu wanda zai ji haushi idan an rage. Ya yanko mata don Napoli. Ya sake yanko mata don Brescia. Da Padova ta shigo, makon gonar ya koma tsayawar wuni ɗaya a kan hanya, a ci abincin rana a ɗauki hoto.

Bai ɓoye wa Radiyya komai ba. Hasali ma da murna yake kawo mata kowane labari. Ya ce Allah ya yi musu gata, ga masauki a kudu ga shi a arewa, za su ci tuwo a ƙasar taliya, ba za su yi ta nuni da yatsa a gidan abinci ba. Takan saurara ta ce to, ta ci gaba da abin da take yi.

Saƙo kuma ya fara zuwa. Alhaji ya kawo babbar riga da maganin ciwon baya a kai wa Imrana. Hajiya Talatu ta kawo jaka cike da man shafawa da takalman yara. Davou ya kawo waya a cikin kwalinta. Aka tara su a kusurwar falo, kusa da akwatunan da ba a fara zuba kayan masu tafiyar ba.

Ranar wata Lahadi da yamma ya gama tsarin, ya kira ta ta gani. Tana gugar kayan aikinta a falo. Ta kashe dutsen guga ta zo ta tsaya, ta bi layin fensir da ido daga Roma zuwa Napoli, ya hau har Padova, ya karkata Brescia. Ta daɗe tana kallon ɗan ɗigon da ya rage a Umbria.

"Baban Hidaya, tsarin ya yi kyau," in ji ta. "Ka tafi kai kaɗai. Ni zan yi hutuna a nan, in kulle ƙofa."

Ya ɗauka wasa take yi. Da ya ga ba wasa ba ne, ya fara bayani: mutanen nan karamci suka yi, ba a mayar da hannun karamci, Alhaji ba wanda za a kunyata ba ne. Ta bar shi ya gama.

"Kai idan ka shiga gidan mutane, falo za a kai ka, a kawo maka ruwa, a kunna maka ƙwallo. Ni ko an rantse in zauna, ba zan iya zama ina kallon matar gida tana fama da tukunya saboda ni ba. Zan tashi in kama mata. Kicin ɗin Napoli na san shi tun ban je ba. Na Brescia ma na san shi."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta koma ta kunna dutsen guga.

Makon nan Rilwanu ya yi shi a kan sitiyari yana gardama da ita a zuci, kuma da farko shi yake cin gardamar. Mutum ya je ƙasa yana da 'yan uwa a cikinta ya kama ɗaki a gonar wanda bai san sunansa ba, wannan wace irin rayuwa ce? Ranar Laraba, yana jiran fasinja a ƙofar sauka, ya so ya kawo wa kansa hujja, ya tuno wata tafiya da suka yi wadda ta ji daɗi. Ya tuno zuwansu gida na farko. Ya ga kansa a zaure da abokai, ya nemi Radiyya a cikin hoton, sai ya hango bayanta ta ƙofar tsakar gida, a sunkuye. Ya tuno bikin da suka je New York, ya gan ta da faranti a hannu. Ya tuno Makka, inda ya tabbata a nan kam ta huta, sai ya tuna tsofaffin matan ayarinsu da ta riƙa dafa wa abinci a masauki saboda ba su iya cin na Larabawa. Ya bi tafiye-tafiyen ɗaya bayan ɗaya, bai sami guda da ya gan ta zaune kusa da shi hannunta ba komai ba.

Daga nan tunanin ya wuce inda bai aike shi ba. Mutanen Funtuwa har yau suna yabon zauren Malam Ilu, suna cewa ba a taɓa kwana da yunwa a cikinsa ba. Rilwanu ya girma yana alfahari da wannan yabo. Bai taɓa jin an ambaci sunan mahaifiyarsa a ciki ba, ita da take tashi tun asuba tana daka, wadda fataken ba su taɓa ganin fuskarta ba. Wani fasinja ya ƙwanƙwasa gilashi, Rilwanu ya buɗe ƙofa ya sauka ya ɗauki akwati.

Ya yanke shawarar fasa sauka a gidajen mutane. Da Davou ya fara, don shi ne mai sauƙi. A ɗakin hutun direbobi ya ajiye masa kwalin wayar ya ba shi haƙuri. Davou ya ce wato an fasa shan kunun acca ke nan, ya kira yayansa ya sa wayar a fili don Malam ya faɗa da bakinsa. Chuwang ya saurara, sannan ya fashe da dariya.

"Malam, Allah ya yi maka albarka. Mu huɗu ne a gidan nan, duk maza. Tun da Davou ya kira nake tunanin inda zan kai sauran ukun, da inda zan ari labule. Ka gaida Madam, ka ce ta cece ni."

Hajiya Talatu ba ta yi dariya ba. Ta ce ba komai, Amurka ce, tana shiga jikin mutum a hankali bai sani ba. Ta ce ya ajiye jakar a masallaci za ta ɗauka. Rilwanu ya san ba shi zai biya wannan ba, Radiyya ce za ta gan shi a fuskokin mata ranar suna ko walima, ya kuma faɗa wa Radiyya haka. Ta ce ta ji.

Wurin Alhaji Maitama bai yi waya ba. Ranar Asabar ya sa kaftani, ya ɗauki babbar rigar da maganin, ya tuƙa zuwa Annandale. Ya zauna a kan kafet duk da Alhaji ya nuna masa kujera. Suka gaisa, aka tambayi iyali, aka tambayi aiki, aka yi maganar ruwan sama a gida. Sai da Hajiyar gidan ta kawo shayi ta koma ciki sannan ya tura ƙunshin gaban Alhaji ya faɗi abin da ya kawo shi.

Alhaji bai taɓa ƙunshin ba. Ya ce ya riga ya faɗa wa ƙanwarsa a Malumfashi cewa mutuminsa zai je ya ga yaron da ido, ya ga inda yake kwana. Sannan ya ce, a hankali, "Da a shekarar da ka zo na nuna maka otal fa, Rilwanu?"

Rilwanu ya daɗe yana kallon kafet. A ƙarƙashin wurin da yake zaune ɗakin nan yake, wanda ya yi hunturunsa na farko a ciki.

"Alhaji, ka sauke ni, ban manta ba, ba kuma zan manta ba. Duk wanda na sauke a gidana, kai nake kwaikwayo. Amma ni ɗauko su kawai nake yi daga filin jirgi. Ba ni nake dafa musu ba. Abu ɗaya maiɗakina ta taɓa roƙona, na kuma raba shi ga mutane tun ba ta taɓa shi ba."

Alhaji ya shanye shayinsa. Ya ce Allah ya kiyaye hanya, ya ce yaron kuma Rilwanu ya kira shi da kansa, shi ba zai iya ba. Ya jawo ƙunshin ya ajiye gefen kujera. Da Rilwanu ya tashi, Alhaji ya miƙa masa hannu daga zaune. A da har bakin mota yake raka shi.

A cikin motar ya kira Imrana. Ya gabatar da kansa, ya ba da haƙuri. Imrana ya ce ba komai Kawu, Allah ya sa haka ya fi alheri. Muryarsa ta gaji, kuma a bayansa ana jin kukan jariri, siriri, irin na sabuwar haihuwa. Rilwanu ya tambaya. Imrana ya ce matarsa ta haihu kwanan baya, haihuwar fari, tun lokaci bai yi ba, bai ma sanar da mutane sosai ba sai da aka sallamo su daga asibiti. Uwarta ta nemi biza an hana ta. A unguwarsu babu macen gida ko ɗaya. Ya ce gaskiya ita ce ta fi ɗokin zuwansu, tana cewa ko hira ce ta yi da babbar mace. Amma ba komai, za ta fahimta.

Alkawari ya zo har bakin Rilwanu. Ya san kalmomin, ya sha faɗarsu, sun fi masa sauƙi a kan shiru. Ya riƙe su. Ya yi barka, ya yi addu'a Allah ya raya, ya tambayi sunan jaririyar, suka yi sallama.

A gida ya ɗaga ledar teburin ya goge layukan fensir, ya aika wa masu gonar saƙo ya tambaya ko ɗakin yana nan. Amsa ta zo washegari cewa yana nan. Da Radiyya ta dawo daga aiki da la'asar ya ce ta zo ta gani. Ya ba ta labarin Chuwang, ta yi murmushi. Ya ba ta labarin Alhaji. Ya so ya tsaya a nan, amma ba ya son ta ji sauran a bakin wani, saboda haka ya faɗa mata maganar matar Imrana, ya ƙara da cewa bai yi wa kowa alkawarin komai ba, kuma ba don ta canza ra'ayi ya faɗa ba.

Ta ajiye jakarta. Duk watannin nan a tsaye take kallon taswirar, kamar mai wucewa. Yau ta jawo kujera ta zauna. Ta nemi Umbria ta ga makonta ya dawo cif. Ta tambaye shi ina Brescia take. Ya nuna mata, a kan hanyar jirgin ƙasa tsakanin Venice da Milan. Ta tambayi nisa, ya ce daga Venice kamar mutum ya tashi daga Funtuwa zuwa Kaduna ne.

"Wa ke yi wa maijegon wanka?"

Ya ce bai tambaya ba, amma bai ji alamar akwai kowa ba.

Ta murza gefen taswirar. Sannan ta ce a ɗauki wuni ɗaya daga na Venice, ba daga gonarta ba. Za su sauka da hantsi su wuce kafin magariba, ba kwana. Kada a faɗa musu da wuri, don kada yarinyar ta tashi ta ce za ta yi girki. Za ta sayi garin gero da kanwa a shagon kayan Afirka, ta dama mata kunu, ta nuna mata yadda ake gasa cibiya idan ba ta warke ba, ta duba jaririyar.

Rilwanu ya ce, cikin taka-tsantsan, ai wannan ma shiga kicin ne.

"Wannan ni na ce zan shiga," in ji ta.

Ya tambaya ko ya koma Annandale ya karɓo babbar rigar. Ta ce ya bari tukuna, idan Alhaji ya ji za su bi ta can, shi ya san hanyar Sterling. Ta karɓi fensirin daga hannunsa ta yi ɗan ƙaramin zagaye a kan Brescia, sannan ta mayar da yatsa kan Umbria.

"Ɗakin nan na gona, tagarsa tudu take kallo ko titi?"

Ya ce bai tambaya ba.

Ta ce ya tambaya.